Ɗigon Ja Da Ɗigon Kore

Shafi na 31

Masu tambayar ina furannin da nake jerawa a saman kowane shafi, na cire su. Wata 'yar'uwa daga Gusau da ba ta gani ta aiko min da saƙon murya, ta ce wayarta ce ke karanta mata labarin nan, kuma sai wayar ta gama kiran sunan fure ashirin ɗaya bayan ɗaya kafin ta iso kalmar farko. Kunya ta kama ni. Daga yau rubutu zalla za ku riƙa gani. Masu cewa na yi jinkiri kuma ku yi haƙuri, ni ma aiki nake zuwa kamar kowa.

*

Sai da Ummulkhair ta zagaya sitocin bayan kasuwar Murshid Bazaar, can ƙasar Larabawa, sau biyu kafin ta sami Baba Shu'aibu.

Tsakar rana ce ta watan Yuli, lokacin da ake tsayar da aiki saboda zafi. Ma'aikata sun baje a kan kwalaye, wasu na barci, wasu na latsa waya. Baba Shu'aibu yana can ƙurya bayan sikeli, ya tuɓe takalmi, ya jingina da dilar atamfa. Ba barci yake ba, bango kawai yake kallo.

Ita ma ba ta runtsa da kyau ba kwana biyu. Wata biyar ke nan da kamfanin cargo na Alhaji Muhyiddeen ya koma aiki da manhajar da ita ta zana. Abu mai sauƙi: ma'aikaci ya ɗora waya a kan lambar kwali, sai ɗigo ya fito. In kore ne, kayan jirgin sama ne. In ja ne, a kai kwantena su bi ruwa. Babu rubutu ko ɗaya, kuma da gangan ta yi hakan, don a siton akwai Bahaushe, akwai ɗan Pakistan, akwai ɗan Bangladesh, wasu ko harshensu ba sa karantawa. Ta ce launi kam kowa ya san shi. Alhaji ya yaba, har hotonta aka sa a shafin kamfani, ita kuma ta yi ta turawa dangi a Kano.

To shekaranjiya kwali goma sha ɗaya na Hajiya Saratu, ankon bikin 'yarta da labulen ɗakin amarya, waɗanda ya kamata su sauka Kano cikin kwana uku, suka shige kwantena. Kwantena ta bar tashar ruwa. Biki saura kwana goma sha biyu, jirgin ruwa kuwa sai ya kusa wata biyu a hanya. Sunan da manhaja ta nuna ya duba kayan shi ne Shu'aibu. Alhaji ya ce yau bayan la'asar za a yanke magana, kuma kowa a siton ya san kora ce.

"Baba Shu'aibu, sannu da hutawa."

Ya ɗago, ya gyara zama.

"Injiniya, ke ce a cikin ranar nan? Ai sai ki narke. Ku da kuka saba da sanyin ofis."

"Wajenka na zo."

"To ga ni. Zauna a kwalin nan, takalma ne a ciki, ba za su fashe ba."

Ta zauna. Ta rasa ta inda za ta fara, sai kawai ta tafi kai tsaye.

"Baba, shekara goma sha huɗu kana aikin nan. An ce ko allurar wani ba ta taɓa ɓata a hannunka ba."

"Haka suke cewa."

"Na duba. Cikin mako ukun nan ka yi kuskure sau huɗu. Uku an kama a bakin mota, na huɗun ne ya wuce."

"Tsufa ne, 'yata."

"Tsufa ba ya zuwa rana ɗaya."

"Nawa ya zo."

Ya faɗa yana murmushi, amma murmushin iyakarsa baki. Ta ciro wayarta, ta buɗe wani hoto da ta shirya tun a ofis, ɗigo biyu gefe da gefe. Ta miƙa masa.

"Wanne ne na jirgin sama?"

Ya karɓa. Ya kusanto da ita fuskarsa, ya nesanta, ya ɗan karkata ta wajen hasken ƙofa.

"Na dama."

Ya ɗago ya dube ta.

"Ko ba shi ba ne?"

"Baba, duka biyun ja ne."

Tana faɗa ta yi nadama. Ta zo ne ta taimake shi, sai ga shi ta ɗana wa sa'an mahaifinta tarko kamar wani ɓarawo. Ya ajiye wayar a kan kwali a hankali, ya waiga ya ga ko akwai mai sauraro. Babu kowa kusa sai fanka da ke ta kaɗa iska mai zafi.

"Kin iya bincike," ya ce.

"Ka yafe min."

"Ba komai. Dama wata rana sai an gane." Ya shafa gemunsa. "Tun ina yaro nake haka. A yi ta cewa wannan ja ne, wannan kore ne, ni duk abu guda nake gani, wani irin ƙasa-ƙasa. A gona in tsinko ɗanyen tumatir a ce na nuna ganganci, a zane ni. Da na gaji da bulala sai na koyi taɓawa da hannu."

"Ba wanda ya sani?"

"Ko Maimuna matata. Shekara ashirin da biyu ita take zaɓa min hula. Tana cewa ban san kwalliya ba. Na bar ta a haka."

"To ya kake yi da aikin duk shekarun nan?"

"Da can ai ba wahala. Kowace Hajiya da alamarta a jikin kwali, wata tauraro, wata zane uku, wata carbi. Kayan sama kuma a ɗaure su da igiya a gicciye. Ko a duhu zan raba miki su. Da kika kawo app ɗin nan gabana ya faɗi, amma sai Allah ya rufa asiri. Na lura ɗaya ya fi ɗaya haske, kamar an wanke shi. Sai na riƙe a raina, mai haske sama, mai duhu ruwa. Wata huɗu ina tafiya a haka lafiya lau."

"Sai me ya faru?"

"Sai wata safiya na zo na tarar duk sun yi duhu."

Ummulkhair ta tuna safiyar sarai. An kafa sabon allon kamfani a bakin ofis, korensa mai duhu, sai ta ga koren manhajar bai dace da shi ba, ya yi mata kamar na yara. Ta ƙara masa duhu don su zama iri ɗaya. Aikin bai ɗauke ta minti goma ba, tana yi tana shan shayi, kuma ba ta gaya wa kowa ba don a ganinta ba wani abu ba ne.

"Ni na canza shi," ta ce, muryarta can ƙasa.

"Na san ke ce. Wa zai taɓa miki kayanki?"

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

Ya dube ta, irin duban da babba ke yi wa yaron da ya manta aike.

"Na faɗa."

"Yaushe?"

"A ranar. Ba ke kika nuna mana wani wuri mai hoton abin magana ba, kika ce wanda bai iya rubutu ba ya danna ya yi ƙorafi da baki? Na danna."

Ta ɗauki wayar. Gaskiya ne, ita ta sa wurin, kuma ta yi alfahari da shi a taron ofis. Ta shiga. Ƙorafin da aka rubuta duk ta karanta, ta amsa, don wannan ido kawai ake bi da shi. Na murya kuwa suna nan jere, arba'in da bakwai, ko ɗaya ba a buɗe ba. Kullum tana cewa sai ta sami nutsuwa, nutsuwar da ba ta taɓa zuwa ba a garin nan. Ta nemo ranar, ta danna.

Muryarsa ta fito, da ƙarar motar ɗaukar kaya a baya.

"Salamu alaikum Injiniya, Shu'aibu ne na sito. Don Allah in da hali, a ɗan sa wa na jirgin sama wata alama, ko fiffike ne, ko a mayar da shi yadda yake da. Akwai wani a cikinmu da idonsa bai raba kalar nan sosai. Ba ni ba ne, wani ne. Allah ya ƙara basira."

Saƙon ya ƙare. Ta kasa ɗago kai.

"Na jira kwana uku," ya ce. "Da na ji shiru sai na ce ƙila abin ya fi ƙarfin gyara. Sai na koma canke. Kaya in ba su da nauyi in ce sama. Na Hajiya Saratu da na ji nauyin labule, na ce wannan na ruwa ne."

"Baba, zan je in gaya wa Alhaji komai. Zan kunna masa wannan."

"A'a."

"Ai ka ce ba kai ba ne, wani ne."

"Alhaji yaro ne? Yana ji zai gane."

"To ya gane mana. Ba laifi ba ne, halitta ce. Akwai mutane da yawa haka, a makaranta an koya mana, ni ce na manta."

"Ke aka koya wa. Mutanen kasuwar Naif ba a koya musu ba." Ya sunkuya ya jawo takalminsa. "Saurara, 'yata. In aka kore ni aka ce sakaci ne, zan je wajen Sanda mai cargo na Naif, in ce tsautsayi ne, ya san ni, zai iya mayar da bizata kansa. Amma in aka ji Shu'aibu ba ya ganin kala, khalas, tawa ta ƙare. Aikinmu atamfa ne da leshi da mayafai. Wace Hajiya za ta yarda in taɓa mata kaya? Kafin magariba labari ya zaga duk group ɗin 'yan Kano. Kafin isha ya isa kunnen Maimuna."

"Amma in na yi shiru korarka za a yi."

"Na sani."

"Kuma Sanda ba lallai ya ɗauke ka ba."

"Wannan ma na sani. Na gaji ne, Injiniya. Shekara goma sha huɗu ina tashi daga masaukin leburori na Sonapur kafin asuba, mu takwas a ɗaki. Ba ni da sauran ƙarfin da zan tsaya ana nuna ni da baki. Ki bar min wannan ɗaya. Ki yi min alkawari ba za ki ambaci idona ba."

Ta san alkawarin zai ɗaure ta, ta kuma san ba ta da bakin ƙi, tunda ita ta jefa shi cikin halin nan.

"Na yi."

"Madalla. Yalla, tashi ki koma sanyi kafin ki suma a ce ni ne."

*

Bayan la'asar suka haɗu a ofishin Alhaji Muhyiddeen, a hawa na biyu. Alhaji mutum ne mai sanyin magana, amma yau idonsa ya faɗa, ko hularsa ya cire ya ajiye a kan tebur. Gabansa akwai takardar sallama daga aiki, irin wadda daga ita sai soke biza. An cika komai, wurin suna ne kawai a buɗe. Wayarsa tana gefe a buɗe kowa na ji, Hajiya Saratu na kan layi daga Kano.

"Alhaji, ni ba faɗa na kira ba," muryar Hajiya ta fito a dishe. "Tela huɗu na ajiye suna jiran ankon nan. Mata ɗari da ashirin na yi wa alkawari. Yarinya ta daina cin abinci. Da wane ido zan dubi dangin miji?"

"Hajiya, na ce miki za mu sake saye mu ɗora a jirgi gobe."

"Irin zanen ya ƙare a kasuwa, ni na kwashe na ƙarshe. Ka san haka."

Alhaji ya murza goshi.

"Shekara tara nake kawo maka mata," ta ci gaba. "Yau duk suna tambayata ko kayansu ma haka za a yi musu. Ni dai a gaya min wanda ya yi, a kuma gaya min ya bar wurin. In ba haka ba, wallahi ba ni da abin da zan ce musu su zauna."

"Kar ki kashe, Hajiya. Yanzu za ki ji."

Ya juyo wajen Baba Shu'aibu, wanda ya ƙi zama a kujera, ya rakuɓe a bakin ƙofa.

"Malam Shu'aibu, tare muka fara da kai tun muna shago ɗaya. Ban so haka ba. Kana da abin cewa?"

"Babu, ranka ya daɗe. Ni na ɗora kayan."

Alhaji ya ɗauki biro.

"Alhaji, ina da magana," in ji Ummulkhair.

"Ummu, ke na kira ki ne kawai ki tabbatar da sunan da app ya nuna."

"Sunan daidai ne. Amma laifin ba nasa ba ne, na app ɗin ne."

"Ya lalace ne?"

"Bai lalace ba. Ni na canza kalar mako uku da suka wuce, ban sanar da kowa ba. Koren ya yi duhu, ya kusa zama ɗaya da jan."

Alhaji ya jawo wayar aiki da ke kan tebur, ya ɗora ta a kan wata lamba, ya duba ta ƙasan tabarau.

"Wannan kore ne."

"Eh."

Ya gwada wata.

"Wannan ja ne. Ni da nake da shekara sittin ina gani. Mutum goma sha biyu ke aiki da abin nan a sito, Ummu. Me ya sa shi kaɗai ya ruɗe?"

Amsar tana bakinta. Kalma uku ce ko huɗu. Ta saci kallon Baba Shu'aibu, ya girgiza mata kai kaɗan, yadda ba wanda zai lura.

"Wani lokaci hasken rana yana bugun gilashin wayar," ta ce.

"A cikin sito? Wurin da ko taga babu?"

Alhaji ya girgiza kai.

"Ummu, na san kina da tausayi. Kowa a nan yana son Malam Shu'aibu. Amma kar ki mayar da ni sakarai a gaban baƙuwa." Ya buɗe ɗigo biyun a kan wayar, ya juya ta. "Malam, matso. Taɓa min koren mu gani, a wuce wurin."

Baba Shu'aibu ya tako a hankali. Taku huɗu ne tsakaninsa da teburin, amma ya yi su kamar mai ɗauke da buhu. Ya ɗaga yatsa.

Ummulkhair ta kife tafin hannunta a kan wayar.

"Ba sai ya taɓa ba."

Alhaji ya dubi hannun, ya dube ta.

"An kawo min ƙorafi a kan kalar nan tun ranar da na canza," ta ce. "A cikin app ɗin, da murya. An ce akwai wanda ba ya iya raba su. An roƙe ni in sa alama. Ban saurara ba sai yau. Akwai saƙo arba'in da bakwai da ban buɗe ba, Alhaji. Ni na ce su yi magana, suka yi, ban ji ba."

"Wa ya kawo ƙorafin?"

"Ba zan faɗa ba."

"Kunna min in ji."

"Ba zan kunna ba."

"Ikon Allah." Ya jingina da kujera, ya rufe ido na ɗan lokaci. "Kin ce akwai shaida, kin hana ni gani. Kin ce ba shi ba ne, kin hana a gwada shi. To ni me kike so in yi?"

"A gyara app ɗin. Yau zan sa alamar jirgi da ta ruwa, in sa murya ma ta riƙa faɗa. Ba zai sake faruwa ba."

"Wannan na gobe ne. Ni yau nake tambaya."

"Alhaji, ina jin ku fa," Hajiya Saratu ta ce daga cikin wayar. "Ni ban san app ba, ban san kala ba. Suna na ce a ba ni."

Alhaji ya dubi takardar ya daɗe. Daga nan ya juya ta, ya tura ta gaban Ummulkhair, ya ɗora biron a kai.

"Na gaji, Ummu. Tun shekaranjiya ban ci abin kirki ba. Ke kika ce kin san mai laifi, ni ban sani ba. Wurin suna ɗaya ne a takardar nan. Rubuta, ni kuma in sa hannu."

"Alhaji..."

"Rubuta. Amma ki sani, sunan da ya hau nan bizarsa ta tafi. Ba wasa a ciki."

Ta sani. Tata bizar ma a kan kamfanin take. Shekara uku ta yi tana neman aikin nan kafin ta samu, kuma ƙanwarta da ke karatu a Sharjah a ɗakinta take kwana. Duk wannan ya zo mata lokaci guda. Tsoro ta ji, tsoro sosai, ba wata jarumta a ciki.

Ta ɗauki biron. Ya zame mata saboda gumi, ta goge hannu a mayafi ta sake riƙewa.

Ta ɗora bakinsa a kan layin, ta ja harafin farko, ta ja na biyu.

U, m, farkon sunanta.

"Injiniya, ajiye biron nan."

Ba ta ajiye ba. Ta ja na uku.

Baba Shu'aibu ya sa hannu ya dafe takardar, da hannun nan nasa mai kanta. Bai dube ta ba. Wayar da Hajiya Saratu ke saurare ta ciki ya kalla, sannan ya kalli Alhaji.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "miƙo min ɗigon nan biyu. Bari in nuna maka wanda nake gani kore."